Tarkon Mafarki: Saƙar Wasu, Kayan Aikin Gidanmu

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

Muna gaida mutanen Tambuwal da Dogon Daji da Sanyinna da Jabo, muna gaida na Kebbe da Kuchi da Girkau da Margai, da duk wanda muryar nan ta iske, ko yana gindin darbejiya da rediyonsa, ko tana tsakar gida tana tankaɗe.

Yau shirinmu na sana'ar hannu zai taɓo wani abin ado da yaranmu ke yawan gani a waya da finafinai. Zobe ne na itace, an saƙa zare a cikinsa kamar saƙar gizo-gizo, an bar 'yar kafa a tsakiya, ga gashin tsuntsu yana reto daga ƙasa. Wasu direbobi kan rataya ƙaraminsa a madubin mota, 'yan mata kuma sun fara neman babbansa don bangon ɗaki. Tarkon mafarki ake ce masa. Za mu koyi yadda ake haɗa shi da abin da ke bayan garinmu, ba tare da an aika kowa Sakkwato sayen komai ba. Amma kafin mu ɗauki wuƙa da zare, ya kamata mu san na wane ne, domin abin da ba ka san asalinsa ba bai kamata ka rataya shi bisa kan ɗanka ba.

Asalinsa na wata al'umma ce da ake kira Ojibwe, cikin mutanen da Turawa suka tarar a nahiyar Amurka. Mazauninsu yana kewayen manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada, ƙasar sanyi da dazuzzuka. Wata mai bincike, Frances Densmore, ta zauna da su ta rubuta al'adunsu a wani littafi da ya fito a 1929. Ta bayyana cewa iyaye mata da kakanni kan lanƙwasa ɗan reshe ya zama zobe, faɗinsa bai wuce inci uku da rabi ba, wato kamar faɗin tafin hannu, su saƙa masa jan zare, su rataya a jikin katakon da suke goyon jariri da shi. Imaninsu shi ne duk wata cuta da ke yawo a iska za ta maƙale a saƙar, yadda ƙuda ke maƙalewa a gidan gizo-gizo. A labaransu na gargajiya akwai wata uwa gizo-gizo mai kula da yara, ita ake kwaikwayo da wannan saƙa.

Ku duba bambanci. Mu a tatsuniyarmu Gizo mijin Ƙoƙi ba wanda zai ba shi amanar yaro, ko tuwo aka bar masa sai an dawo an tarar da kwano wayam. Su kuwa gizonsu uwa ce.

Daga shekarun 1960 zuwa 1970, lokacin da al'ummomin asali na Amurka suka tashi neman haƙƙinsu, sauran ƙabilu suka ɗauki wannan zobe ya zama alamar haɗin kansu. Daga nan 'yan kasuwa suka gano shi. Aka ƙara masa girma, aka cika shi da gashin roba da kyalkyali, masana'antu a Asiya suka shiga buga shi dubbai. Yawancin wanda kuke gani a waya irin wannan ne, kuma da yawa daga cikin masu abin ba sa jin daɗin yadda aka mai da shi. Har doka aka yi a Amurka a 1990 wadda ta hana mutum ya sayar da kaya yana cewa aikin 'yan asalin ƙasar ne alhali ba nasu ba ne. Wanda aka kama karon farko zai iya biyan tarar da ta kai dala 250,000, ko ɗaurin shekara biyar, ko duka biyun. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa in mun zo maganar ciniki.

To, yanzu sai tambayar da na san tana bakin malamai da dattawa tun da na fara magana: wannan ba laya ba ce? In an rataya shi da niyyar ya tare mugun mafarki, ai laya ce, layar ma ta wani addini. A Tambuwal muke, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna, ba sai an yi mana dogon bayani a kan dogara ga wanin Allah ba. Zare da reshe ba su tare komai. Musulmi yana da abin da aka koya masa in zai kwanta: Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi. In ya yi mummunan mafarki, ya yi tofi sau uku ta hagunsa, ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya juya kwanciya, kada kuma ya ba kowa labari. Wannan ya zo a ingantattun hadisai. Yaron da ke yawan firgita cikin dare kuwa, a taɓa jikinsa tukuna, sau da yawa zazzaɓin cizon sauro ne, asibiti yake bukata da gidan sauro.

Saboda haka abin da muke ɗauka a nan dabarar saƙa ce da ado, kamar yadda ake jera faifai a bangon ɗakin amarya ba wanda ya ce faifan na maganin komai. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da siffar ba, ya tambayi malaminsa, ko ya ɗauki dabarar ya yi wani abu dabam da ita. Ba dole.

(Gajeren kiɗa)

Abin da ya sa na ga shirin nan ya dace da mu shi ne, in ka warware tarkon mafarki gida-gida, ba wani sashe nasa da hannun mutanen nan bai riga ya iya ba. Lanƙwasa ɗanyen reshe ya zama zobe, masu saƙar kwando da Fulani masu kafa bukka sun fi kowa. Naɗe abu da rinanniyar kaba, aikin masu faifai ne. Ƙulla zare ya zama raga, ku je bakin gulbin Zamfara wajen Kebbe da Kuchi ku ga masunta suna gyaran homa da birgi, ko ku ɗaga kai a ɗakin tsohuwa ku dubi ragayar da take rataya ƙwaryar nono. Yanka fata siriri kuwa sai dukawa. Jar fatar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har ta isa Turai, can aka laƙaba mata sunan Maroko, aka riƙa yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Wanda yake da wannan a ƙofar gida, me zai yi da zaren roba mai kyalli?

Mu fara da zobe. A samu ɗanyen reshen geza, miƙaƙƙe, kaurinsa kamar ƙaramin yatsa, tsawonsa kamu ɗaya da rabi. Wannan zai ba da zobe mai faɗin taƙi guda, daidai na mai koyo. Geza na fi so domin tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, in ta bushe kuma ta riƙe siffarta. In ba a samu ba, tsumagiyar tsamiya ma tana yi. A yanka reshe ɗaya ko biyu daga kowace bishiya, kada a tsaya kan guda a aske ta. A sharce ganyen, a kankare ƙullutun da wuƙa, sannan a fiƙe bakin nan biyu a karkace, yadda in sun haɗu za su kwanta bisa juna ba tare da tudu ba.

Kada a lanƙwasa shi gaba ɗaya da ƙarfi. A bi shi kaɗan-kaɗan bisa gwiwa, ana matsawa, har ya yi laushi, sannan a zagaya shi jikin tukunya ko babban gwangwani, a ɗaure mahaɗar tamau da zare. A bar shi a jikin tukunyar, a inuwa, kwana uku ko huɗu. Na ce a inuwa. Mai gaggawa da ya shanya shi a rana, musamman da hunturu, zai dawo ya tarar ya tsage ko ya murɗe ya zama kamar ƙwai. In reshen ya riga ya fara bushewa kafin a lanƙwasa, a jiƙa shi cikin ruwa ya kwana.

Sai naɗi. Nan ne za a gane gwani. A je wajen baduku a sayi ragowar fata, irin guntayen da ke zube gefen tabarmarsa, a ce ya yanka su siriri, faɗin bai kai na yatsa ba. A fara daga mahaɗar zoben don a rufe ta, a riƙa naɗewa kowane zagaye yana hawa gefen na bayansa, ana ja da ƙarfi. In an zagayo, a cusa bakin fatar ƙarƙashin naɗin farko, a bar ɗan hannu na ratayewa. Wadda ba ta da fata ta yi da kaba, ta jiƙa ta tukuna don kada ta karye. Launi kuwa, galurar kasuwa tana da haske, amma rana na cinye ta. Jan karan dafi da rawayar gangamau da baƙin kuloko da dukawa ke amfani da su, da shuɗin baba, ba su da ƙyalli irin nata, amma sun fi ta kwarjini a bango, kuma su ne baƙo ba zai samu a wani wuri ba.

Yanzu saƙar. A matso kusa da rediyo, mai shara ta ɗan ajiye tsintsiya.

A auno zare gaba biyu. Zaren masu gyaran takalmi ya fi, domin ba ya tsinkewa. In zaren auduga ne na gida, a murza shi da kakin zuma, zai yi ƙarfi kuma ƙullin ba zai zame ba. A naɗe shi a ɗan tsinke don kada ya harɗe. Kafin a fara, a ɗauki gawayi a yi alama takwas a jikin zoben, tazararsu daidai. Hanya mai sauƙi: alama sama da ƙasa, dama da hagu, sannan a raba kowane tsakani biyu.

A ƙulla bakin zaren a alamar sama. A ja shi zuwa alama ta biyu, a ɗora shi bisa zoben, a zagayo da shi ta baya, a fito da shi ta cikin kafar da ta samu tsakanin zaren da zoben, a ja. Shi ke nan, wannan ɗaurin guda shi ne dukan aikin, ba wani. A maimaita a alama ta uku, ta huɗu, har a dawo kusa da inda aka fara. A wannan zagaye na farko kada a ja zaren ya yi tsantsan, a bar shi da ɗan sassauci.

Zagaye na biyu ba a taɓa zoben kuma. Kowane zaren da ya miƙe tsakanin alama biyu, a tsakiyarsa za a yi wannan ɗaurin. In aka ja, za a ga ya lanƙwaso ciki ya ba da siffa mai kusurwa uku. A bi su ɗaya bayan ɗaya. Zagaye na uku a tsakiyar zaren zagaye na biyu, haka haka, kafofin suna ƙanƙancewa, saƙar tana tafiya tsakiya. Yatsan hagu ya danne ɗaurin da aka gama kafin dama ta tafi na gaba, in ba haka ba duk abin da aka ja zai koma. In kafofin sun yi ƙanana har tsinken ba ya shiga, a zura zaren a basilla a ci gaba.

Inda masu koyo ke faɗuwa wuri biyu ne. Na farko, ɗaurin ya kauce daga tsakiya. Kaucewar da ba ta kai ƙwayar gero ba a zagaye na biyu, kafin a kai na biyar ta karkatar da saƙar duka gefe guda. In kun ga haka, ku warware ku koma, kada ku ce za ku gyara a gaba, ba ya gyaruwa. Na biyu, ja da ƙarfin tsiya tun daga farko, har zoben ya lotsa. Ƙarfin ja ana ƙara shi ne a hankali, sai an kusa tsakiya ake tsananta shi. Wadda ta gama daidai, in ta ɗan taɓa saƙar da yatsa za ta ji ta a miƙe, ba ta lilo.

Mai son dutsen ado ta zura shi a zaren a zagaye na uku ko na huɗu, kafin ta yi ɗauri, zai zauna inda aka sa shi. Guda ɗaya ko uku sun isa. A bar kafa a tsakiya wadda babban yatsa zai shiga, a yi ƙulli biyu, a yanke, a ɗiga ɗan kaki a kan ƙullin.

(Gajeren kiɗa)

Sauran abin da ke reto a ƙasa. A yanka siraran fata uku, na tsakiya ya fi tsawo, a ɗaura a gindin zoben. A bakin kowanne a haɗa gashi da wuri ko dutsen ado, a naɗe da zare. Gashin zabuwa, da ɗigo-ɗigon nan nasa fari a kan toka-toka, ban ga wanda ya kai shi kyau a wannan aiki ba, kuma duk gidan da aka yanka zabo ana zubar da shi ne a bola. Na zakara da na talo-talo da na agwagwa duk suna yi.

Amma a kula da abu biyu game da gashi. Kada a tsinci na tsuntsun da ya mutu da kansa. Murar tsuntsaye ta shigo Nijeriya tun 2006 kuma tana dawowa lokaci-lokaci, saboda haka na wanda aka yanka lafiyayye za a ɗauka, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a shanya a rana ya bushe sarai, ƙwarin jikinsa su mutu. Sannan kada yaro ya ɗauki danƙo ya shiga daji harbin tsuntsaye saboda ado. Dattawa za su gaya muku yadda ungulu ke cika mahauta a da. Yau sai ka yi wata ba ka ga ko ɗaya ba, kuma farautarta don sayar wa masu magani na cikin abin da ya ƙarar da ita. Kada sana'armu ta ƙara wa daji wani nauyi.

Iyaye mata, wannan taku ce. Ko da yake masu abin a kan jariri suke rataya shi, ku kada ku yi. Dutsen ado in ya tsinke, bakin yaro zai nufa, igiya mai reto kuma tana iya naɗe wuya. A kafa ƙusa can sama inda hannun mai rarrafe da mai tatata ba ya kai, nesa da fitila da murhu, domin gashi da busasshiyar kaba ba su da haƙuri da wuta.

Mu zo ga ciniki, tunda na san wasu tun ɗazu shi suke jira. Wa zai saya? Masu jeren ɗakin amarya su ne na farko, musamman in an yi launin ya dace da labule da zanen gado. Akwai masu shagon ɗinki da na kitso da ke son abin bango, akwai 'yan bautar ƙasa da ke neman tsarabar da za su koma da ita gida, ga kuma matafiya a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega da ke ratsa Tambuwal. Mai waya ta ɗauki hoto da safe a jikin bangon ƙasa, hasken rana na gefe, ta sa a WhatsApp. Bangon ƙasa ya fi fenti fito da jar fata.

Wajen sa kuɗi, kuskuren matanmu ɗaya ne a kowace sana'a, ko faifai ko tabarma ko hula: sai su lissafa kuɗin zare da fata, su manta da wunin da suka yi a zaune. A lissafa kayan aiki, a lissafa lokaci kamar an yi wa wani ƙwadago, sannan a ɗora riba. In mai saye ya ce na kanti ya fi araha, gaskiya ne, na kanti inji ya buga shi da roba. A miƙa masa naku ya shinshina fatar.

Ga inda dokar nan ta 1990 ta shafe mu. Wanda Allah ya buɗa masa har kayansa suka kai intanet, kada ya rubuta cewa aikin Ojibwe ne ko na wata ƙabilar Amurka don ya ja masu saye. Ƙarya ce, kuma cin haƙƙin mutanen da ke ci da wannan sana'a ne. Kada kuma a ce wa mai saye yana maganin mafarki ko maita ko kambun baka, wannan ya fita daga sana'a ya shiga damfara. A faɗi abin da yake: adon bango, aikin hannu daga Tambuwal ko Kebbe, da geza da jar fata da gashin zabuwa.

Ni a ganina ma, wanda hannunsa ya faɗa bai kamata ya tsaya kan kwaikwayo ba. A sa ƙaramin faifai a tsakiyar zoben, a ɗaure shi da wannan saƙa ta kewaye shi. A cire gashin a sa tuntayen fata irin na jikin linzamin doki. A haɗa zobe biyu a yi marataya ta 'yan kunne da sarƙa, ko a kwantar da zoben a saƙa masa igiya uku ya zama ragayar zamani ta ɗora tukunyar fure. Malaman firamare kuma, ga darasin lissafi a ɓoye: yaron da ya raba zobe gida takwas da gawayi ya gane rabi da kwata da hannunsa, ba a allo kaɗai ba.

Wanda zai gwada, ya yanko gezarsa yau ya ɗaura a tukunya, kafin mako ya zagayo ta bushe. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu shiga rinin kaba, yadda ake dafa ta da karan dafi launin ya kama bai zuba ba. A tanadi kaba da tsohuwar tukunyar da ba a girki da ita.

Sai mun sake saduwa. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)